Ba fasto, ba majami'a, zukata sun karaya: yaya za mu riƙe zumuntarmu a Kadarif?

Ɗan Zumunta, Kadarif:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kiwon ikkilisiya. Mu gida bakwai ne, Kirista masu jin Hausa, wasu 'yan ECWA, wasu COCIN, gida ɗaya Katolika. Yawanci daga Hartum aka gudo Madani da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, da Madani ta faɗi a Disamba aka sake kwasowa zuwa nan Kadarif, a gabashin ƙasar. Ba fasto a cikinmu, ba mai bishara. Da farko ana haɗuwa addu'a kullum da zafinta, har da azumi da kwanan zaune. Yanzu abin ya mutu murus. In an kira taro mutum uku ko huɗu ne ke zuwa. Wani dattijo ya ce shi ya gaji da roƙon abin da ba ya zuwa. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya ɓace a hanya, har yau babu labari, ta daina magana da kowa, abinci ma sai an matsa mata. Samari sun fara tambaya ko Allah ya yi fushi da mu ne. Ni aka ɗora wa jan ragamar, alhali ban yi makarantar tauhidi ba. Me zan karanta musu? Yaya za a tsara taron har mutane su dawo? Me ake faɗa wa wanda begensa ya ƙare? Ku ba ni abin da zan iya yi da hannuna, don wa'azin "ku yi haƙuri" kam mun sha shi.

Tsohon Mai Bishara, Fot Sudan:

Ɗana, sannunku da wahala, Ubangiji ya riƙe ku. Abin da ka kwatanta ba ja da baya ba ne, gajiya ce, kuma tana da dalili. Taron kullum da azumi da kwanan zaune an gina su ne a kan zaton cewa nan da wata biyu za a koma gida. Da wata biyun suka wuce sai ginin ya zube. Yanzu kuna bukatar tsarin da zai ɗauki shekaru.

Ka rage taron. Babba sau ɗaya a mako, ƙarami sau ɗaya. Lahadi ranar aiki ce a Sudan, mai aikin yini in ya zauna sujadar safe ya rasa abincin ranar, don haka ku sa babban taron Lahadi da yamma bayan an tashi aiki, ko Juma'a da safe. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kada a riƙa canzawa. Mutumin da komai nasa ya watse yana bukatar abu guda da ba ya motsi. Ko mutum biyu suka zo a fara a kan lokaci, a yi shi cikakke, kuma kada a buɗe da ƙorafin waɗanda ba su zo ba. Kada ya wuce minti 50. Waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi waɗanda kowa ya haddace, minti goma. Zabura ɗaya, kai ka karanta aya, jama'a su amsa da ta gaba. Sai karatu daga Bishara, minti goma. Ku ɗauki Markus daga farko, sura 16 ce kawai, rabin sura a mako zai kai ku wata bakwai zuwa takwas, ka huta da neman abin da za ka faɗa. Bayan karatu kada ka yi wa'azi. Ka yi tambaya biyu: me Yesu ya yi a nan, kuma wane ne a labarin yake cikin irin halinmu? Ka bar mutane su amsa, in an yi shiru ka jure shirun. Sauran lokacin addu'a ce da ambaton sunaye ɗaya bayan ɗaya, na nan da na nesa da waɗanda suka ɓace, a rufe da Addu'ar Ubangiji, wadda ɗan ECWA da ɗan Katolika duk sun iya.

Zancen Zabura shi ne inda masu jagora suka fi kuskure. Suna tsallake na kuka su tafi na murna, suna ganin haka ne ƙarfafawa. Mai baƙin ciki in ya ji ana ta waƙar nasara sai ya ɗauka babu wurinsa a taron, ya daina zuwa. Ka fara da Zabura 13. Aya shida ce, a biyun farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu kafin ya kai ga dogara. Mako na gaba 42, sai 77, sai 142. Wata rana ka karanta 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da juyawa zuwa yabo ba, ka gaya musu ita ma addu'a ce da Allah ya yarda ta zauna a Littafinsa. Dattijon nan da ya ce ya gaji da roƙo, ita ce tasa. Ka kai masa ita gida, ka karanta, ka tashi, kada ka ƙara komai a kai. Bayan waɗannan sai 46 da 121 da 23 su sami wurin zama a zuciya. Makoki 3 ma haka: kada ka fara daga aya 22 inda ake zancen jinƙan da ke sabuntuwa kowace safiya. Ka faro daga aya ta ɗaya, su ji mai maganar mutum ne da birninsa ya ƙone a idonsa.

Abin da zan ja maka kunne a kai da ƙarfi shi ne alkawarin da Allah bai yi ba. Kowa na son Irmiya 29:11, shirin alheri da bege. Amma ka karanta sura 28 tukuna. Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a dawo daga Babila, mutane suka ji daɗi, ƙarya ce, a shekarar ya mutu. Wasiƙar Irmiya ta ce shekara 70, ta kuma ce ku gina gidaje, ku shuka gonaki, ku aurar da 'ya'ya, ku nemi zaman lafiyar garin da kuke baƙunta. Cikin wannan ne aya ta 11 take. Don haka duk wanda ya tashi a taronku ya ce an nuna masa yaƙi zai ƙare a wata kaza, ko wane zai dawo kafin Kirsimeti, ka dakatar da shi cikin ladabi. Ranar da watan ya wuce, ba annabcin kaɗai ke faɗuwa ba, bangaskiyar mai rauni na bin sa. Zabura 91 ma a kula da ita, kada a mai da ita laya. Shaiɗan da kansa ya jawo ta a Matiyu 4. A Ayyukan Manzanni 12 an kashe Yakubu da takobi, an fid da Bitrus daga kurkuku, sura ɗaya, ikkilisiya ɗaya. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi da waɗanda takobi ya ci, duka ta kira su masu bangaskiya. Abin da aka yi mana alkawarinsa yana Romawa 8:35 zuwa 39: an ambaci yunwa da tsiraici da hatsari da takobi da sunansu, ba a ce ba za su zo ba, an ce ba za su raba mu da ƙaunar Almasihu ba. Tushen begenmu kabarin da aka tarar babu kowa ne, kuma labarin fagen daga ba ya taɓa wannan.

Samarin da ke tambaya ko fushin Allah ne, ka buɗe musu Luka 13:1 zuwa 5, mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa, Yesu ya ce ba su fi sauran laifi ba. Ka haɗa da Ayuba 42:7, inda Allah ya tsauta wa abokan Ayuba da suka dage cewa wahalarsa hukunci ce. Kada ka kore tambayar, saurayin da ke tambaya bai tafi ba tukuna.

Ma'aikaciyar Jinya, Kasala:

Baba ya gama magana a kan Littafi. Ni zan taɓo jiki, domin da yawa abin da ake kira raunin bangaskiya yunwa ce da rashin barci da ƙarancin jini. A 1 Sarakuna 19 Iliya ya roƙi mutuwa a gindin itace. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Magana sai daga baya.

Saboda haka a dakatar da azumin gayya. Mai cin abinci sau ɗaya a yini ba a ɗora masa azumi. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari, mai shan maganin hawan jini, yaro, tsoho, babu ruwansu da shi ko kaɗan. Kwanan zaune ma a ajiye. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, komai baƙi yake gani.

Ɗan'uwa, matar da ka ambata ta fi damuna. Baƙin ciki daban, ciwon damuwa daban, ga yadda ake rarrabewa. In mutum ya haura mako biyu kusan kullum ba ya jin daɗin komai, barci ya lalace, ba ya ci, wanka da kula da yara sun gagara, yana cewa shi kaya ne a wuyan mutane, wannan ya zama ciwo, yana bukatar ma'aikacin lafiya tare da addu'a. Kafin nan a kai ta a gwada zazzaɓin cizon sauro da yawan jini. Kuma a yankinku akwai kala'azar: zazzaɓin da ya wuce mako biyu, rama, kumburin saifa a hagun ciki. Mai shi yakan yi laushi ya yi shiru, a yi ta yi masa addu'ar karaya alhali magani yake bukata.

Mace ɗaya da ta yarda da ita, ba ayari ba, ta riƙa zuwa kullum a lokaci guda. Ta zauna ko minti 20 ne, ta zo da abin yi a hannu, tsintar adas ko tsifar kai. Kada a matsa mata ta ba da labarin hanya, tilasta wa mutum maimaita abin da ya gani na iya tayar da ciwon. In ta fara da kanta a saurara, kada a katse ta da aya. Wata rana mai ziyarar ta tambaye ta kai tsaye, da taushin murya: kina tunanin kashe kanki? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, kada a yi mata faɗa da zancen zunubi, a kai ta asibiti a ranar. A kwashe maganin ƙwari na gona da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, domin a garin noma irin Kadarif su ne mafi kusa da hannu.

Wanda firgici ke kamawa in ya ji ƙarar babur ko faɗuwar kwano, zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, ku koya masa ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, sau goma. Yana iya ɗora rabin aya a kan ja, rabi a kan saki, farkon Zabura 23 ya dace. Ba aljani ba ne, kada a kewaye shi ana ihu.

Abu biyu kuma. Na ɗaya, mata da 'yan mata da yawa an ci zarafinsu a wannan yaƙi. In wata ta buɗe baki ta faɗa, maganar ta tsaya a kunnen da ya ji. Kada ta zama "roƙon addu'a" a gaban taro, wannan ya kashe zumunta fiye da ɗaya. In abin sabo ne, maganin kariya daga ƙanjamau cikin sa'a 72 yake aiki, a hanzarta. In ya daɗe ma a je, akwai sauran taimako. A gaya mata a fili ba ita ta yi zunubi ba. Na biyu, kwalara. An ayyana ɓarkewarta a Agustan 2024, Kasala da Kadarif na cikin inda ta fi tsanani, kuma damina na iya dawo da ita. In za ku ci tare, buta da sabulu a bakin ƙofa, ruwan sha tafasasshe ko mai sinadarin kulorin da aka bari ya yi minti 30. Kowane gida ya san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishiri in ya zarce illa yake yi, musamman ga yaro. A ba mai gudawa yana kurɓa a hanyar asibiti, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo.

Ɗan Zumunta, Kadarif:

Na gode Baba, na gode Anti. Zancen Hananiya ya shige ni, don an yi mana irinsa. Sauran tambaya a kan matar nan: wasu na cewa a yi wa mijin addu'ar jana'iza ta huta, wasu na cewa yin haka rashin bangaskiya ne. Kuma an taɓa kiran ta a waya aka ce yana hannu, a turo kuɗi. Me ya kamata?

Uwar Zumuntar Mata, Sinja:

Ɗana, kada a yi jana'izar wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, kada kuma a ce mata lalle yana raye. Duka biyun ɗora mata abin da ba wanda ya sani ne. Ciwon wanda nasa ya ɓace ya fi na mai takaba wuyar ɗauka, don mai takaba ta san inda ta tsaya. Addu'ar da za ku yi a taro ita ce gaskiyar da kuke da ita: Ubangiji, ka san inda wane yake, mu ba mu sani ba, in yana raye ka kiyaye shi ka buɗe hanya, in yana wurinka ka sanar da mu, ka riƙe matarsa da 'ya'yansa yau. A faɗi sunansa kowane mako. Abin da ya fi cin irin waɗannan mata shi ne ranar da aka daina ambaton mutumin. Labarin Yakubu da Yusufu kuwa a bar shi tukuna, in aka karanta mata shi yanzu alkawari za ta ji.

Sai a yi abin da ake yi. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tare da Hilal Ahmar ta Sudan, wato Red Crescent, suna karɓar cigiyar waɗanda suka ɓace, kyauta ne. A je ofishin Hilal Ahmar da cikakken sunansa har na kakan kaka yadda ake rubutawa a nan, sunan mahaifiyarsa, shekarunsa, hoto in akwai, wuri da ranar da aka gan shi na ƙarshe, da lambar waya biyu da ba za a canza ba. A raka ta, amma ita za ta yi bayani da bakinta. Amsa na iya daɗewa ƙwarai, a gaya mata haka tun farko. Duk da haka mace da ta shigar da cigiya ta san ta yi wa mijinta wani abu, wannan kaɗai na sa wasu su fara cin abinci.

Masu kira a waya, akwai na gaske, akwai 'yan damfara da ke tsintar lamba daga cigiyar da ake bazawa a Facebook da WhatsApp. Kada a tura ko fam ɗaya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, sai an ji muryar mijin, ko an aika tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, kuma ba abin da aka taɓa rubutawa a cigiya ba. Kada ita ta riƙa amsa kiran ita kaɗai, a sa namiji ɗaya mai sanyin kai. Lambar da za a sa a cigiya ta zama tasa.

Yanzu zancen dawo da mutane. Ku ɗora tukunya. Yakubu 2 ta ce in ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ya ƙoshi ba ka ba shi komai ba, me ka yi? Ranar babban taro kowane gida ya kawo abin da ya samu tun da rana, kofin adas, albasa biyu, ɗan mai, gawayi. Kilo ɗaya na adas in an yi shi miya da ruwa-ruwa yana isar mutum goma sha biyu zuwa sha biyar da burodi ko kisra. A ajiye buhu a bayan ƙofa kowa ya zuba nasa ba mai gani, don wanda bai da shi kada kunya ta hana shi zuwa. Nan ne abin ke lalacewa: ranar da aka fara cewa gidan wane bai kawo ba, taro ya watse. Kuɗin baiko mutum biyu su riƙe, daga gida daban-daban, mace da namiji, a rubuta a littafi, a karanta a fili ƙarshen wata. A fara da magani da gwauraye. Ikkilisiyar farko ma a kan rabon abincin gwauraye ta fara samun gunaguni, Ayyukan Manzanni 6, aka zaɓi mutum bakwai.

Kowa a ba shi aiki, har ita matar. Wanda kullum karɓa yake yi, zuciyarsa mutuwa take. Dattijon da ya gaji da addu'a a ce shi zai koya wa yara karatu da lissafi minti 30 kafin taro, tunda makaranta ta yi musu nisa. Yara a ba su aya ɗaya a mako da waƙa, da labari irin na gudun Yusufu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar, su san Ubangijinsu ma ya yi gudun hijira. Kuma in akwai takiyya a unguwarku, inda matasa ke dafa wa jama'a, ku tura mutum biyu su taya aiki. Maƙwabtanku Hausawa Musulmi ne, su ma sun binne nasu, sun rasa nasu. Ku je musu gaisuwa, ku aika musu kwano. Ku sanar da mai gida da na kusa ranar taronku da lokacinsa, a sassauta murya, a kauce wa lokacin salla. Siyasar yaƙi kuma a bar ta a waje. Ana yi wa ƙasa addu'ar salama da adalci, ba a kawo sunan ɓangare cikin taro.

Katekis, Kosti:

Na yarda da abin da iyayena suka faɗa, sai wuri ɗaya da nake ganin Baba ya bar ƙofa a buɗe. Taron gida yana da kyau, amma kada gida bakwai su zama tsibiri. Kadarif akwai majami'u, na Katolika da Angalikan da Kibɗawa da sauransu. Da Larabci ake sujada, to ai kuna jin Larabcin kasuwa, na sujada ma zai zo. 'Yan ECWA su sani ƙungiyar mishan ta SIM da ta haifi ikkilisiyarsu ta yi aiki a yankin Shuɗin Nilu tun ƙarshen shekarun 1930, daga nan Sudan Interior Church ta fito. 'Yan COCIN kuma, ƙungiyar mishan ta SUM da ta haifi tasu ta shiga Duwatsun Nuba a Heiban a 1920, 'ya'yanta su ne Sudanese Church of Christ. Danginku ne, ku tambayi mutanen Nuba da ke garin inda suke taruwa. Ku je ko sau ɗaya a wata, ku gabatar da kanku ga fasto ko fada.

Dalilin ba zumunci kaɗai ba ne. Jibin Ubangiji da baftisma da aure da jana'iza, kowace ɗarika da ƙa'idarta. Gidan Katolikan nan ba za su karɓi jibi daga hannun wanda ba firist ba, kada a matsa musu, kada kuma a ji haushi. Sauran ma galibi sai naɗaɗɗen fasto. In jagoran taro ya fara yin waɗannan da kansa, rigima ce za ta biyo baya ranar da aka koma gida. Kuma ranar da aka yi rasuwa, majami'ar da ta san ku ita za ta nema muku wuri a maƙabarta. In fasto ya zo ba da jibi a lokacin kwalara, kowa da ɗan kofinsa.

Samarin nan kuma a ba su tarihin ƙasar da suke ciki. Masarautun Nubiya sun karɓi bishara tun ƙarni na 6, Soba da ke gefen Hartum babban birnin Alwa ne, masarautar Kirista. A 1964 gwamnati ta kori 'yan mishan daga kudanci, aka ɗauka ikkilisiya ta ƙare, sai ta yaɗu a hannun katekis da masu bishara 'yan ƙasa, yawancinsu ba su fi ka karatu ba, ɗan'uwa. Ga Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya, aka sayar da ita hannu zuwa hannu a kasuwannin El Obeid da Hartum, jikinta duk tabo. An yi mata baftisma a Italiya a 1890, ta rasu 8 ga Fabrairu 1947, aka ayyana ta cikin tsarkaka a 2000. Ba ta sake ganin iyayenta ba, a faɗa musu wannan ma, kada a gyara labarin.

Tsohon Mai Bishara, Fot Sudan:

Katekis ya yi gaskiya, ku nemi majami'a. Ƙari ɗaya, ɗana, tunda Kadarif ce: daga Oktoba mazanku za su watse gonakin riɗi, bayansa girbin dawa, wasu sai sun yi makonni ba su dawo ba. Kada ka ɗauka taron ya sake mutuwa. Tun yanzu ka koya wa mata biyu da saurayi ɗaya jan tsarin, ku riƙa karɓa-karɓa. Mai waya ya sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa a YouVersion yadda zai buɗu ba intanet, don kun ga yadda layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024. Wanda zai tafi gona a rubuta masa Zabura huɗu a takarda ya sa a aljihu, a kuma yanke sa'a guda, misali in rana ta faɗi, da na gona da na gida za su karanta iri ɗaya. Kai ma ka sami mutum guda a cikin fastocin garin da za ka riƙa zama da shi duk mako biyu kana sauke naka kayan. In an yi wata guda ka dawo nan ka gaya mana mutum nawa ke zuwa, da yadda matar nan take ci.